Zauren Hajiya: "Wanki ya taru, ni kuwa na kasa ɗaga hannu"

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni mace ce mai shekara 34, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi tare da maigidana da 'ya'yanmu uku, a gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu. Koko da ƙosai nake sayarwa, kuma shekara tara ke nan ina tashi ƙarfe uku na dare in hura wuta ba tare da kowa ya tashe ni ba. Mahaifiyata ta rasu wata takwas da suka wuce. Na yi hidimar makoki da sadakar arba'in da ƙarfina, amma tun da baƙi suka watse jikina ya mutu. Wanki ya taru a bayan ƙofa har ya kai gwiwa, kwanuka suna kwana ba a wanke ba, ranar sharata ta tsakar gida kuwa sai in rufe ɗaki in yi kamar ba na nan. Gero yakan kwana biyu a jiƙe ban kai shi niƙa ba har ya lalace. Mai karɓar susu, wato adashi, yana zuwa ina ɓoye masa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla, domin nakan ji kiran asuba da kunnena in kasa tashi in yi alwala. Surukata ta ce lalaci ne ya same ni, wata maƙwabciya ta ce sammu ne. Maigidana direba ne a hanyar Tamale, bai cika kwana gida ba. Hajiya, lalaci ne wannan ko raunin imani? Yaya zan yi in dawo yadda nake?

Daga wata 'yarki a Aboabo.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ki haƙurin rashinta.

Zan fara da maganar surukarki, domin na lura ita ce ta fi zama miki a zuciya. Malalaci yana jin daɗin kwanciyarsa: yakan miƙe ƙafa, ya ci abinci da marmari, ya yi barci mai nauyi, kuma in an ce ga biki a Asawase shi ne zai riga kowa ɗaura ɗamara. Ke kuwa kina kwance kina ƙirga abin da ba ki yi ba, kina jin motsin tsintsiyar maƙwabta kamar ana zagin ki, kina tashi da gajiyar da ta fi wadda kika kwanta da ita. Macen da ta shekara tara tana hura wuta tun kafin ladan ya farka ba ta wayar gari haka kawai ta zama raguwa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ke da kanki kin faɗi lokacin da naki ya fara tsami.

Baƙin cikin rasa uwa ba ciwo ba ne, hakki ne na zuciya, kuma ba shi da ranar ƙarewa da wani zai yanke miki. Sai dai wani lokaci yakan buɗe ƙofa ga abin da likitoci suke kira ciwon tsananin damuwa, wanda alamominsa sanannu ne: mutum ya yini cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so, barcinsa ya rikice, cin abincinsa ya ragu ko ya ƙaru, tunaninsa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, kuma hakan ya ɗore kusan kullum har mako biyu ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 280 ne suke fama da shi a duniya, mata sun fi maza yawa a cikinsu. Kada kuma wani ya ce miki wannan ciwon Turawa ne da aka shigo mana da shi. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa baƙin ciki iri biyu ne: akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rasa masoyi ko dukiya, akwai kuma wanda yake danne mutum ba tare da wani dalili bayyananne ba, yana da tushe a jiki, yana kuma buƙatar magani kamar kowace rashin lafiya. Ni ba likita ba ce, ba kuma a gane ciwo ta wasiƙa, amma abin da kika zayyana ya isa a ce ki je a duba ki, kuma a wannan makon.

Ki fara da asibitin gwamnati mafi kusa da ke, kamar na Manhyia, ki roƙi a auna jininki. Dalilina shi ne akwai cututtukan jiki da suke sa irin wannan kasala sak, har mutum ya zaci zuciyarsa ce ta mutu alhali jininsa ne ya yi ƙasa. Ƙarancin jini ya yi yawa a cikin mata masu haihuwa, ciwon sukari yana kawo gajiya, haka ma matsalar wata ƙwaya da ke gaban wuya da ake kira tayirod, wadda in ta yi sanyin aiki komai na jiki sai ya yi sanyi. In an duba waɗannan, ki gaya wa likita ko nas abin da kika gaya mini ba tare da ragi ba, har da maganar barci da kuka da rufe ɗaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu matan zango muna da wata ɗabi'a da take cutar da mu: mu je asibiti da nauyin duniya a ƙirji, in an tambaye mu sai mu ce ciwon kai ne, a ba mu farasitamol mu dawo gida.

Na san abin da yake tsorata mutane, wato kada a ce an gan su a sashen masu taɓin hankali. Ki sani tun da aka kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta 2012, wadda ake kira Act 846, manufar ƙasa ita ce a riƙa duba irin wannan larura a asibitocin da kowa yake zuwa, maimakon a tattara komai a manyan asibitoci uku na Accra da Pantang da Ankaful. Akwai ma'aikatan jinya da aka horar musamman don wannan aiki a asibitocin gunduma, akwai kuma sashe guda a asibitin koyarwa na Komfo Anokye ga wanda aka tura can. Daga watan Nuwamba na 2024 an shigar da ciwon damuwa cikin abubuwan da inshorar lafiya ta ƙasa take ɗauka, don haka ki duba katinki, in ya ƙare ki sabunta shi ta waya da *929#. Idan aka ba ki magani, ki san cewa ba ya aiki kamar maganin zazzaɓi. Yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji dama. Wasu ma ba sa buƙatar ƙwaya sam, zama da mai ba da shawara ya wadatar da su.

Yanzu ga wankin da ke bayan ƙofa, wanda ba zai jira sakamakon asibiti ba. Akwai kuskure ɗaya da kusan duk mai irin halinki yake yi, ni ma na yi shi a shekarar da na fita takaba, lokacin da tukunya ɗaya ta kwana uku a gabana ina kallon ta tana kallo na. Kuskuren shi ne jiran ranar da zuciya za ta so aiki. A lokacin lafiya haka abin yake tafiya, sha'awa ta zo sannan hannu ya bi. A lokacin wannan ciwo kuwa tsarin yakan juye: sai hannu ya fara motsi, ko da zuciya ba ta so, sannan ɗan ƙarfin ya biyo baya. Kwanciya tana ƙara tarin aiki, tarin aiki yana ƙara kunya, kunya tana ƙara rufe ɗaki, rufe ɗaki yana raba ki da duk abin da a da yake faranta miki rai, har da gaisuwar masu sayen koko da sassafe. Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun gina hanyar magani guda a kan warware wannan zagaye, kuma an gwada ta an ga tana aiki. Asalinta ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta: a zaɓi aiki ƙarami ƙwarai, a sa masa lokaci, a yi shi ko ana so ko ba a so.

Ƙarami da nake nufi ya fi wanda kike tsammani ƙanƙanta. In kin kalli tulin nan a matsayin "wanki", ba za ki taɓa shi ba, domin in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ki ciro kayan makarantar yara kaɗai, riga uku da wando ko siket uku, ki jiƙa su bayan azahar, ki wanke bayan la'asar, ki shanya, ki tsaya a nan ko da kin ji kamar za ki iya ƙarawa. Sauran ki zuba a buhu ki ɗaure bakinsa ki tura ƙarƙashin gado, don idonki ya huta da shi. Na ce ki tsaya ne saboda na san abin da yake biyo bayan ranar ƙwazo: mace ta ji ɗan ƙarfi ta wanke gida duka, washegari ta kasa tashi, ta ce ai ga shi nan, ba zan taɓa warkewa ba. Ki kuma jingina kowane aiki da lokacin salla, ba da agogo ba, domin kiran salla yana shigowa ɗakinki sau biyar ko kin shirya ko ba ki shirya ba.

Sana'arki ma haka za ki yi mata. Ke kin fi ni sanin cewa koko ba aiki ɗaya ba ne: a jiƙa gero, a wanke, a zuba citta da kanumfari da barkono, a kai inji, a tace, a bar shi ya kwanta, sannan a dama. Ƙosai kuma nasa layin daban, daga surfen wake zuwa markaɗe da bugu da tsayuwa gaban mai mai zafi. Kina ɗauke da sana'a biyu da ƙarfin da a yanzu bai kai na rabin mutum ba. Shawarata ita ce ki ajiye ƙosai na wata ɗaya ko biyu, ki rage geron da kike jiƙawa zuwa rabi, ki fita kwana uku a mako, kuma ki ɗora wa babban ɗanki ko yaron maƙwabta kai niƙa, tunda a nan ne kika ce igiyar take tsinkewa. In akwai mai ƙosai a layinku, ku yi magana ta zauna kusa da ke, kowa ya ci kasuwarsa. Kuɗin zai ragu, ban musa ba, amma da babu gara ba daɗi, kuma fitar da kanta magani ce: hasken safiya, tafiya da ƙafa, da muryar mutanen da suka saba cewa "Hajiya, a zuba na sidi biyar".

Mai susu kuwa ki daina ɓuya. Ki tare shi gobe ki ce masa kasuwa ta ja baya, za ki rage zubin zuwa abin da za ki iya, ko ki dakata sai wata mai zuwa. Maganar ba za ta wuce minti biyu ba, alhali ɓuyar tana cin ki tun daga safe har ya wuce.

Game da imani, ina so ki duba wata addu'a da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yawaita yi, wadda take cikin Bukhari: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal." Ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gazawa da kasala. Ki lura an ambaci gazawa daban, kasala daban. Malamai sun bayyana cewa gazawa ita ce mutum ya so ya kasa, kasala kuwa ya iya ya ƙi. Wadda take kuka don ta kasa tashi salla, ai kukan nan shaida ne cewa tana so. Shekarar da Nana Khadija da Abu Talib suka rasu, a tarihin Musulunci sunanta shekarar baƙin ciki, babu kuwa wanda ya ce hakan raunin imani ne. Ki riƙe farillai, ki ajiye buta cike da ruwa a bakin ƙofa tun da dare don tazarar da ke tsakaninki da alwala ta ragu, in kin makara ki yi sallar da zarar kin tashi, kada ki bar ta don kunyar makara. Nafilfilin da kika saba za su dawo. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, kuma ban san wata magana da ta fi dacewa da halinki a yau ba.

Maganar sammu ba zan yi jayayya da maƙwabciyarki a kanta ba. Ki yi azkar ɗinki, ki karanta Falaƙi da Nasi, in kina da malami mai tsoron Allah ya yi miki addu'a, duk wannan ba ya karo da asibiti. Wanda zan gargaɗe ki a kansa shi ne duk wanda zai nemi kuɗi masu yawa, ko ya ambaci sunan wata a gidanku ya ce ita ta yi miki, ko ya ce ki zubar da maganin likita. Irin wannan zai bar ki da ciwonki, ya ƙara miki gaba da talauci.

Saura mutanen gida. Maigidanki ba zai san abin da ke faruwa daga Tamale ba, musamman in duk ranar da ya dawo kina tattara ƙarfin mako guda ki tarbe shi da fara'a. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki ce masa: "Maigida, ba ni da lafiya tun rasuwar Mma, ina so ka raka ni asibiti." Namiji ya fi gane buƙatar da aka ambata da sunanta a kan ƙorafin da ba shi da kai. Surukarki kuma, maimakon ki tsaya kare kanki, ki nemi alfarma guda a wurinta, misali ta riƙe miki ƙaramin yaron ranar asibiti. Sau da yawa mai zargi yakan sassauta in an ba shi gurbi a cikin taimako. A gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu kuma ba a rasa mace ɗaya da za ki iya cewa ta karɓi sharar wannan mako, ki rama mata in kin warware. Ke da kika yi wa mutane hidimar suna da aure shekara da shekaru, ba bara kike yi ba.

Abu na ƙarshe ban so in faɗe shi ba, amma barinsa ya fi faɗarsa haɗari. Idan tunanin cewa gara ki mutu ko ki cutar da kanki ya taɓa zuwar miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai: ki gaya wa wanda kika amince da shi a ranar, a kai ki sashen gaggawa, ko a kira 112. Kada tsoron 'yan sanda ya hana ki, domin a watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta amince da cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, aka mayar da shi larurar da ake yi wa magani. Ki sake rubuto mini bayan kin dawo daga asibiti, ki faɗa mini abin da awon jini ya nuna.

TAMBAYA

Hajiya, barka da aiki. Ni tela ne a Asawase, shekarata 26. Na karɓi ɗinki da yawa da kuɗin kafin alƙalami, amma in na zauna gaban keke sai in ji kaina ya yi nauyi, in ɗauki waya, kafin in farga la'asar ta yi. Da dare ina majalisa ana shan ataya har ƙarfe biyu. Ina kashe waya saboda masu kaya. Wani abokina ya ce in gwada tramadol, zan yi aikin kwana uku a dare ɗaya. Me kika gani?

Daga ɗanki a Asawase.

AMSA

Ɗana, wannan abokin naka ka gaishe shi daga nesa. Tramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi daga dangin da suke kama jiki, ana ba da shi ne da takardar likita, kuma wanda ake sayarwa a ɓoye yakan ninka ƙarfin da aka amince da shi. Yana jawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi, kuma kai da kake Asawase ba sai na ba ka labarin samarin da suka fara shi don aiki suka ƙare ba aikin ba su ba.

Halinka bai yi mini kama da na 'yar'uwarka ta Aboabo ba, tunda har yanzu kana jin daɗin hira da abokai, ko da yake in ka gyara abin da zan faɗa mako uku ba ka ga canji ba, kai ma ka je a duba ka. Wanda yake shan shayi mai kauri har ƙarfe biyu na dare ya kuma tashi asuba, barcin awa uku yake yi, alhali babban mutum yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Nauyin kan da kake ji gaban keke bashin barci ne. Ka bar majalisa ƙarfe goma, ka tsaya a zagayen farko na ataya. Da safe ka ba maƙwabcin shagonka wayar ya riƙe maka har azahar.

Amma abin da ya fi danne ka, a ganina, alkawuran nan ne da ka san ba za ka iya cikawa ba. Yau da dare ka ɗauki littafin awo ka lissafa kayan da ke hannunka, ka raba su kashi biyu bisa gaskiya: waɗanda za ka iya gamawa, da waɗanda ba za ka iya ba. Masu kashi na biyu ka kira su da kanka, ka ba su haƙuri, ka ba su zaɓi tsakanin sabuwar rana da karɓar yadinsu da kuɗinsu. Wasu za su yi faɗa, kuma suna da gaskiya. Daga kashi na farko kuma ka ɗauko riga ɗaya, wadda ta fi daɗewa a wurinka, ka yanka ta tun da dare ka ajiye a kan keke da zaren da ya dace a cikin allura, don gobe in ka buɗe shago ka tarar an riga an fara.